Ta Dingaya

Ranar wata Laraba Yaya ta kira ni, ina tsakiyar duba jarrabawar 'yan aji uku a makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce cikinta ya shiga wata na biyar, kuma likitocin can sun ce wannan karon aiki za su yi mata. Na ce Allah ya raba lafiya. Sai ta ce, "Inna nake so ta zo."

Shekararta tara a ƙasar Turawa, inda mijinta yake aikin asibiti. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, kuma duka biyun ita ta yi jinyar kanta, miji yana wurin aiki, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Ba ta taɓa roƙona komai ba. Don haka na amsa da ƙarfina, na ce ta ɗauka an gama. A lokacin gani nake babu takardar da za ta gagare ni. Ni ne mai cike wa mutanen unguwarmu fom, ni ne mai rubuta wa tsofaffi wasiƙa, har masu shagon kwamfuta nake yi wa gyaran Turanci ba tare da sun tambaye ni ba.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Kwandiko, inda Inna ta ƙi tashi tun bayan rasuwar Baba. Na tarar da ita a gindin rumbu tana wanke ƙoren nono. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ba ta ɗago kai ba.

"Ta Dingaya ce ta ce haka?"

"Ita ce, Inna."

"Ai ga Goggonku nan."

"Goggo idonta ya tafi. Kuma ke ta ambata."

Ta ɗauraye ƙwarya ta kife, ta ɗauki wata. Har na fara zaton ba za ta amsa ba, sai ta ce, "In an ce a je, sai a je."

Haka take kiranta, ta Dingaya. Yaya ce 'yar fari. Mu kuwa jinin Fulani ne da Fulatancin ya daɗe da suɓuce mana, shanu kaɗan da kunya mai yawa suka rage. Ana yaye Yaya aka kai ta wurin Goggo, yayar Baba, a Dingaya. A can ta girma, a can aka sa ta makaranta, aka rubuta mata sunan mijin Goggo a gurbin uba. In ta zo mana hutu Inna ba ta haɗa ido da ita, sai dai ta zuba mata man shanu fiye da na kowa, ta miƙo mini kwanon ta ce in kai wa baƙuwa. A haka muka taso muka gani, ba mu ɗauke shi wani abu ba.

Da na koma bayan mako guda, na tarar matar da ta amsa mini kamar an yi mata dole ta shanya tsakar gida kaf. Ga kanwa, ga tsamiya, ga daddawa, ga citta da kanumfari na yajin jego, har da ganyen runhu na wanka. Na ce mata Turawa ba za su bari a shiga musu ƙasa da ganye ba. Ta ce to da me matansu suke wanka in sun haihu? Na ce ban sani ba. Ta ce shi ya sa ta ga duk sun koɗe.

Fasfo bai ba ni wahala sosai ba, zuwa Dutse uku muka yi. Wurin takardun biza ne na san ban iya komai ba. Yaya ta aiko da takardar gayyata da ta likita. Da na jera su kusa da fasfon Inna, sai na ga babu abin da ya haɗa matan nan biyu a rubuce. Inna tana ɗauke da sunan mahaifinta, Yaya tana ɗauke da na mijin Goggo, ni kuma na Baba. Takardar haihuwa babu, don a ɗakin kaka aka haifi Yaya, ungozomar ma ta daɗe a ƙasa. Na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa wance ita ta haifi wance, aka buga hatimi. Mai shagon kwamfutar da nake yi wa gyara ya duba ta ya ce, "Malam, irin wannan kowa yana kawowa. Abin da ya fito daga bakinta za su duba."

Sannan aka ce sai an nuna shaidar za ta dawo gida. Inna ba ta da albashi, ba ta da shago, gonar ma ba takarda gare ta ba. Na rasa yadda zan yi, na bi shanunta bakwai da waya ina ɗaukar su hoto, suna juya mini baya. Da na yi mata bayanin dalili, dariya ta yi. Ta ce wane mai hankali ne zai bar saniya da ciki ya je ya tare a garin da rana ba ta fitowa? Na so a ce akwai layin da zan rubuta wannan a fom, amma babu.

Aka ba mu ranar ganawa, lokacin cikin Yaya zai shiga wata na takwas. Na mai da kaina Bature. Duk Asabar sai in zauna a kan turmi, in ɗaure fuska, in riƙa jefa mata tambayoyi.

"Kwana nawa za ki yi?"

"Wata uku."

"Me za ki je yi?"

"Jego."

"Wa zai kula da shanunki?"

"Ƙanin mijina."

"Wurin wa za ki je?"

"Wurin yayarku."

Sai in ce madalla, in wuce tambaya ta gaba. Na fi sau ashirin ina yi mata wannan tambayar, tana ba ni wannan amsar, ina cewa madalla. Kunnena ya saba da ita tun ina goye. Na koya mata ta riƙa kallon idon mai tambaya, na koya mata kada ta ce in Allah ya yarda a wurin da ake son i ko a'a, har yadda za ta ɗora yatsu a kan na'ura na gwada mata da murfin kwano. Duk wannan wayon nawa bai kai ni ga cewa ta faɗi suna ba.

Muka tafi Abuja ta Kano, muka sauka a gidan wani abokin karatuna. Da safe muka isa ofishin jakadancin, layi har ya yi kwana. A bakin ƙofa mai gadi ya ce mai neman biza kaɗai ke shiga, akwai tafinta a ciki. Na roƙe shi da Turanci, na roƙe shi da Hausa, ya nuna mini wata inuwa a tsallaken titi. Na miƙa wa Inna jakar takardu. Ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ta shige cikin mutane, 'yar ƙarama da ita a cikin sabon mayafi. Ban taɓa ganin ƙanƙantarta ba sai ranar.

Na fi awa uku a tsallaken nan. Duk wanda ya fito sai in karanci fuskarsa. Babu addu'ar da ban yi ba, kuma ban da ita babu abin da ke hannuna.

Da ta fito, fasfon yana hannunta tare da wata takarda guda. Tun kafin in karanta na san an hana ta, don an faɗa mini wanda aka ba biza ba a dawo masa da fasfo a ranar. Takardar ta ce ba su gamsu da dalilin tafiyarta ba. Na ja ta gindin wata bishiya na ce ta faɗa mini duk abin da aka yi.

Ta ce wata Baturiya ce a bayan gilashi, da wata yarinya Bahaushiya mai fassara. Sun tambaye ta kwana nawa, ta faɗa. Sun tambaye ta wurin wa za ta, ta ce wurin ta Dingaya. Baturiyar ta duba takarda ta sake dubawa, ta ce mene ne sunanta.

"Sai kika ce me?"

"Mutane ne cike a bayana, har da maza."

"Inna, me kika ce?"

"Yarinyar ta ce, Mama, sunanta kawai za ki faɗa. Na ce ai yana nan a rubuce."

Ta ce daga nan Baturiyar ta tambaya, to mece ce ita a wurinki, 'yarki ce? Inna ta gyara mayafi, ta kalli ƙasa, kamar yadda na san ta yi a gaban gilashin.

"Na ce 'yar Goggonsu ce."

Ga fom na cike da hannuna cewa 'yarta ce. Ga takardar rantsuwa da hatimin kotu. Ga kuma sunan mijin Goggo a jikin takardun Yaya, yana gaskata abin da Inna ta faɗa. Ko ni ne a bayan gilashin nan abin da zan yi ke nan.

Raina ya ɓaci, kuma na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. A bakin titi na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce wata uku ina wahala, kalma ɗaya ta gagare ta. Na ce yarinyar nan za a yanka ta a ƙasar da ba ta da kowa, ita kuma tana nan tana kunya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ai ba ka taɓa tambayata sunanta ba." Gaskiya ta faɗa.

Washegari muka kamo hanya a motar haya, tana jikin taga ina gefenta. Muka wuce Kaduna. Wajen la'asar, mun doshi Zariya, sauran fasinjoji duk sun yi barci, sai na ji ta yi magana, fuskarta tana kallon gonaki. Sunan Yaya ta faɗa. Ta faɗe shi cikakke, yadda aka raɗa shi ranar suna, ta haɗa da sunan Baba, a hankali, kamar mai ba wa Baturiyar amsa. Shekarata talatin da huɗu a duniya, ranar na fara jin sa a bakinta.

Ta juyo ta ce, "Ka rubuta musu. Ka ce na faɗa."

Na ce to. Ban iya gaya mata babu inda ake aika irin wannan ba. Da na koma shagon kwamfuta neman wata ranar ganawar, wadda ta fi kusa sai bayan an haihu an yi arba'in an manta.

Ƙarya na yi wa Yaya, na ce takardu ne ba su cika ba. Ta ce ba komai, haka Allah ya so, muryarta kuwa ba ta ce ba komai ba. Aka yi mata aiki, ta samu 'ya mace. Mijinta ya yi kwanaki a gida ya koma bakin aiki. Ita ta dama wa kanta kunu, tana dafe da bango.

Ranar suna na je Kwandiko don su ga juna a waya. Sai an hau tudun da ke bayan gidanmu ake samun sabis, don haka na riga Inna hawa na kira. Yaya ta fito a allon wayar, ta rame, jaririyar tana kafaɗarta. Ta ce, "Kai, faɗa mini gaskiya. Na san aikinka, ba ka barin takarda a baya." Sai na faɗa mata duka, har da abin da na yi a bakin titi, har da na cikin mota.

Ta gyara wa jaririyar kwanciya a kafaɗarta, sannan ta ce:

"Ta faɗi sunana?"

"Ta faɗa."

"Ta yaya ta faɗe shi? Ta ja ƙarshen irin na Goggo, ko ta tsaya a kansa?"

Na gwada mata. Ta girgiza kai ta ce wannan ai bakina ne.

Lokacin Inna ta ƙaraso, tana haki saboda tudun. Na miƙa mata wayar, na matsa kusa da kunnenta na ce, "Inna, kira ta. Ba kowa a nan." Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta kalli jaririyar ta daɗe tana kallo, sannan a karo na farko da na sani ta kalli Yaya ido cikin ido. Yaya tana jira, ni ma ina jira. Na ga leɓunan Inna sun motsa.

"Ki riƙa shan kunun da zafinsa," in ji ta.

Yaya ta ce, "To, Inna."