Kawu Ilu da na'urar da ta gaji gabarsa

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san ba ya wuce tsingaro a ƙasa. Sai ya tsuguna, ya ɗauka, ya lasa, ya ce, "Yumɓun Zermu ne, kuma ya girmi kakarka." Har a hanyar jana'iza ya yi haka, in ban yi kuskure ba sau biyu.

Da na fara aikin kammala jami'a kan fasassun tukwanen da aka tono a gindin tsohuwar ganuwar Birni, wurinsa na kai kukana. Na nuna masa na'ura mai koyo: a ba ta hoton tsingaro ta faɗi garin da aka gina tukunyar, in ta kuskure a gyara mata, gobe ba ta maimaitawa.

"Tana da harshe?"

"A'a, Kawu."

"To, Allah ya ba ta haƙuri."

Amma ya zauna. Wata uku yana lasa, ina shigar da amsoshinsa. Na kawo masa tabarau, ya naɗe a tsumma, wai sai idon ya ƙare tukuna.

Saura mako biyu sutnansi, ranar da zan kare aikin gaban malamai, na gano wata matsala. Duk tsingaro mai kyan zane na'urar ta ba Zermu, duk mummuna ta tura garin Dogo. Na ce, "Kawu, wataƙila dai... ko kuskuren daga wajenmu ne?"

Ashe tun yana saurayi wata maginiyar tukwane a kasuwar Dogo ta yi masa dariya, ta ce bai san yumɓu ba; tun daga ranar yake gaba da garin.

"La'ilaha illallahu! Ko matata ban gaya wa ba! Wa ya tsegunta wa na'urar nan?"

"Daga amsoshinka ta ɗauka, ina jin."

Ya dubi na'urar. "Ashe gaba ma gadonta ake yi. Kawo buhun tsingaron, ɗan nan."

Kwana tara yana sake lasa, yana mayar wa Dogo haƙƙinta, yana tsaki. Na'urar ta karɓi gyaran ba musu.

"Kai, dubi ikon Allah! Ko kunya ba ta ji ba!"

Na ci sutnansi, amma Kawu bai zo ba. Ya hau mota zuwa Dogo neman matar. Ya tarar ta daɗe da rasuwa, sai ya tsuguna gaban jikokinta ya ce kakarsu gwana ce.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya jiƙan maginiyar, ya karɓi gyaransa, ya sada su inda babu gaba.