Tebur Mai Kujera Biyu a Tsakiyar Teku

Wata rana, bayan an kai autarsu ɗakin miji, 'yan biki sun watse, Hajiya Uwani ta sami mijinta yana ɗaura agogo zai fita kasuwa, ta ce masa za ta koma Gumel ta zauna wajen yayanta, Yaya Habu.

Ba faɗa, ba kuka. Ba kuma saki take nema ba.

Cewa ta yi yara sun ƙare, ita kuma ta gaji.

Mijin nan shi ne Alhaji Tanimu, dilan taya a Kano. Irin mutanen nan ne da idan ka ce musu kanka na ciwo, kafin ka rufe baki sun sa hannu a aljihu. A ganinsa babu abin da ke damun mace wanda tikitin jirgi ba zai warkar ba.

Da yamma ya fito majalisar ƙofar gidansa, inda ake shimfiɗa tabarma a fito da tire, shi da abokai su ci tuwo, kamar yadda aka saba tun kafin a haifi autar nan. Ni ma ɗan wannan tabarmar ne, kuma har yau ba a haifi wanda zai kamo ni a loma ba.

A nan ya sanar da mu zai kai Hajiya Maldives, wasu tsibirai can tsakiyar teku. Ya ce idan ta ga wurin, ko sunan Gumel sai an tuna mata.

Hajiya ta ce to. Amma akwatin Gumel a ɗaure ta bar shi a bakin ƙofar ɗakinta, ta kuma gaya wa Yaya Habu ya tare ta a filin jirgi ranar dawowa.

Suka tafi.

Jirgi ya miƙa su ga jirgi, har suka zo kan wani ƙarami mai sauka a kan ruwa kamar agwagwa. Alhaji ya ƙanƙame kujera, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Wurin kuwa, ba ƙarya, ya haɗu.

Rairayi fari kamar garin tuwo. Ruwa garau, kana hango ƙasansa. Ɗakinsu a kan ruwan aka kafa shi da turaku, a tsakiyar ɗakin akwai gilashi, kana zaune kifi na wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka. Tun a bakin shiga aka karɓe musu takalma, aka ce nan ba a sawa. Aka miƙo musu kwakwa da tsinken zuƙa.

Alhaji ya yi ta ɗaukar hoto yana turo mana. Ni na rubuta masa ya riƙa leƙa ƙarƙashin gado, don ta nan kifin da ke cin mutane yake shigowa. An tabbatar min sai da ya leƙa.

To, hoto ya ƙare. Aka ajiye waya.

Sai shiru.

A gida akwai baƙi, akwai talabijin, akwai yara masu shigowa da fita. Nan kuwa daga shi sai ita sai teku, tana ta shaa, shaa, kamar janareton maƙwabci da ba a kashewa.

Ya ce akwai zafi. Ta ce akwai.

Ya ce ga wani kifi can. Ta ce ta gani.

Hira ta ƙare.

Alhaji bai taɓa sanin zama yana gajiyar da mutum haka ba. Ranar da ake sauke kwantena ma bai fi wannan gajiya ba. Sai ya riƙa zamewa zuwa ƙarshen gadar katakon da ke kaiwa ɗakinsu, wai can waya ta fi kamawa, ya kira yaran shago ya yi musu faɗan da ba su ci ba, don dai ya ji muryarsa tana aiki.

Abin da ya fi ɓata masa rai, Hajiya ba ta cin abinci.

Duk teburin da ke tsibirin nan kujera biyu gare shi, fuska da fuska. Da sun zauna sai ta ce ta ƙoshi, a ba ta lemo kawai. Ta zauna hannuwanta a cikin mayafi tana kallon ruwa.

Ya ɗauka ƙaguwa da sauran ƙwarin ruwan nan take ƙyama. Ya sa aka dafa mata kaza da shinkafa. Ta ce Allah ya saka da alheri, ba ta taɓa ba.

Amma idan ya dawo daga faɗansa na waya, sai ya tarar ayabar ɗaki ta ragu, burodi ya ɓace.

Ya ce a ransa fushi ne. Kwanaki kuma suna ta ƙarewa, Yaya Habu yana can yana wanke mota.

Ana gobe za su dawo, ya fito da dabararsa ta ƙarshe. Akwai wani ɗan tudun rairayi a tsakiyar ruwa, bai fi tsakar gida ba, inda ake kai miji da mata su ci abincin rana su kaɗai. Kwalekwale ya sauke su. Ga laima, ga tebur, ga gasasshen kifi da shinkafar kwakwa. Ma'aikatan suka zuba komai, suka koma kwalekwale, suka ja can nesa.

Babu ɗakin da za a koma. Babu waya, don ko sanda ɗaya ta sabis ba ta kamawa. Hajiya kuma tun safe ba ta sa komai a ciki ba.

Ta daɗe tana kallon farantin.

Can ta zaro hannunta daga cikin mayafi ta ɗauki cokali.

Hannun hagu.

Alhaji ya ajiye nasa cokalin.

"Hajiya, da hagu? Girma ya zo kuma sai a koma abin yara?"

Sai da ta tauna ta haɗiye.

"Na damar ba ya riƙe cokali, Alhaji."

"Tun yaushe?"

"Tun kwanciyar da na yi a asibiti, kana China."

"Ai hawan jini aka ce min. Aka ce kin warke."

"Na warke. Shi ne bai warke ba."

"To don me aka ɓoye min?"

"Ba wanda ya ɓoye. Mai aiki ta sani, direbanka ya sani, mai kawo mana nono ma ta sani. Duk wanda ya taɓa ganina ina cin abinci ya sani. A nan ne kawai na ɓoye, don kada ka fara gani a gaban baƙi."

Teku ta ci gaba da shaa, shaa.

Kwanciyar asibitin nan, kafin auren ɗansu na tsakiya aka yi ta. Yanzu ɗan wannan ɗan har ya shiga makaranta.

Alhaji ya shiga laluben ranar ƙarshe da ya ga matarsa tana kai loma baki. Ya yi baya, ya yi baya, bai tsaya ko'ina ba sai a makon amarci. Tun daga nan kwanonsa waje yake fita, wajenmu.

Ya fara cewa akwai asibiti a Jamus, akwai wani a Indiya. Ta ce ya fara kuma.

Ya ɗebo shinkafa zai kai mata baki. Ta kauda kai, ta ce ta iya, ya ci nasa.

Sai ya lura kifin ne ba ta taɓa ba. Cire ƙaya hannu biyu yake so.

Ya jawo farantinta gabansa. Mutumin da tunda yake bai taɓa cire wa kowa ƙaya ba, ya dagargaza kifin nan kamar mota ta bi ta kansa. Ta ce ya bar wata a nan. Ya cire. Ta ce ga wata. Ya ce wannan kifin da gayya aka halicce shi. Ta ɗan yi dariya, ta ce na kogin Haɗeja ya fi shi hankali.

A kan kifi suka yi hirar da ta fi kowace tsawo a tafiyar.

Da suka sauka Kano, ga Yaya Habu ya jingina da mota. Alhaji ya tsaya riƙe da jakarta, ya kasa miƙawa, ya kasa hanawa.

Hajiya ta gaida yayanta, ta ba shi haƙurin wahalar hanya, ta ce ya koma tukuna. Sannan ta juyo.

"Akwatin yana nan a ɗaure, Alhaji. Ranar da kwanonka ya sake fita ƙofar gida, ni ma zan bi bayansa."

Yau a falonsu akwai wani ɗan tebur mai kujera biyu. Kafinta ne ya buga shi nan Kano a Ƙofar Ruwa, ƙafa ɗaya ma sai an sa mata kwali.

Mu kuma 'yan tabarma, tuwo yana fito mana har yanzu, ba a yanke ba. Naman ne ya bi Alhaji ciki. Na rame, jama'a, amma na yafe.

Darasi: Kana iya ciyar da mutum shekara da shekaru ba ka san halin da yake ciki ba. Kuɗin cefane ba ya zama a madadinka. Kafin ka nema wa matarka tsibiri, fara zama ka ga yadda take cin tuwon da ke gidanka.

Tura wa wannan abokin naka da yanzu haka yake wanke hannu a majalisa. Idan ya ji haushi, ka ce ni na aiko ka.