Waya Ta Raba Kawu Ɗanmaliki da Kabarin Mahaifiyarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, shida ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran kawuna Ɗanmaliki a ƙauyenmu da ke kusa da Fakku, bayan gajeriyar jinya.

Kawu, tun ina yaro kai ne mai haƙa kabari a garin nan, ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Kai ka hana kowa ya sa gatari a itatuwan makabarta, har tsamiyoyi da kanya suka rufe wajen da inuwa.

Inuwar nan ce ta jawo mana. Bara da damina jami'an gandun daji suka zo, ciyawa ta rufe kaburbura, suka ga manyan itatuwa, suka ce ga daji mai kyau da za a kare. Suka kewaye shi da waya. Ba su tambayi liman ba, ba su tambayi ko tsohuwa ɗaya ba! Bayan an gama aka tara mu a Kebbe wai jin ra'ayin jama'a. Ka miƙe ka ce, "Wa kunka tambaya? Iyayenmu na kwance cikin wagga waya." Aka ce za a duba, aka ɗauke mu hoto, aka watse.

Burinka ɗaya ne, a kwantar da kai gefen mahaifiyarka. Ranar Laraba muka ɗauko ka a makara har bakin wayar. Mai gadi, yana hawaye, ya ce babu haƙa sai da izini daga sama. Gawa tana jiran izini? Muka juya da kai, muka binne ka a gefen gonar geronka. Wallahi har yau raina a ɓace yake. Dajin da suke tinƙaho da shi, kai ka tsare musu shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Zahara'u, da 'ya'yanka Mu'awiya da Hamdiya. Allah Ya ba su haƙuri.

Jiya Inna ta tambaye ni inda za a sa ta idan tata ta zo, kusa da kai ko kusa da sauran 'ya'yanta da suka rasu, da ke kwance cikin waya.