Maɓallin da Na Haɗa wa Oga

Ni dai burina a lokacin bai taka kara ya karya ba: in bar ofis da la'asar, in kama motar Mararaba kafin cunkoso ya toshe hanya, in iske 'yata ba ta yi barci ba.

A wata cibiyar bincike nake aiki a Abuja, ina taya masana lissafi tsara takardunsu. Manhajar da muke amfani da ita tana da taurin kai. Umarni kake rubuta mata da 'yan alamomi, ita kuma ta fitar maka da shafi tsaf. Ka manta alama ɗaya, ta yi maka kememe.

Oganmu farfesa ne, mutumin kirki wallahi, sai dai umarnin nan ba ya zama a kansa. Kuma ba ya tuna ya manta sai ya hango ni daga ofishinsa na saman bene na rataya jaka.

"Malam, zo mana. Wannan jadawali, yaya ake sa masa layi?"

Wani lokaci in gyara masa. In kuwa na ga abin zai ja, sai in ce, "Oga, ni ma ya shige mini, sai gobe in duba littafin manhajar." Ya ce Allah ya kai mu, ni kuma in zare jiki.

Da na gaji, sai wayo ya zo mini. Na ƙarar da ranakun hutuna ina ƙara wa manhajar wata dabara: ka ɗora kibiyar kwamfuta kan umarni, ka danna maɓalli ɗaya, bayaninsa ya buɗe a gefe har da misali. Ko data ba ya ci.

Ranar da na nuna masa, sai da ya cire tabarau. "Kai! Kai ka yi wannan?" Ya kira daktoci biyu su zo su gani. Ni kuwa kai ya kumbura, har ina ƙara bayanin da ba a tambaye ni ba.

Washegari na rataya jaka.

"Malam! Zo ka danna mana abin nan naka."

"Oga, ai ga maɓallin ƙarƙashin yatsanka."

"Haba! Mai abu yana nan, ni in danna? In na lalata fa?"

Na danna. Ya jingina da kujera ya ce in karanta. Na karanta. Ya ce to, in zauna in rubuta. Na buɗe baki zan ce sai gobe in duba littafi, sai na ga littafin baje a gabanmu a fuskar kwamfuta, ni na kawo shi da hannuna. Takaici ya ishe ni, kamar in yi kuka.

Ran nan a cunkoso na yi magariba da isha.

Da mako ya zagayo, na shigo ban ga teburina ba. Masinja ya nuna mini sama. Oga ya tare ni a ƙofarsa yana fara'a, ga teburin nan manne da nasa.

"Na tausaya maka ne," in ji shi. "Hawan benen nan yana wahalar da kai."

Na ce na gode.