Tsohuwar da ta sauko da ni daga tsani

Jama'a, wallahi wannan abin a kaina ya faru, ba a majalisa na ji shi ba. Shekarun da aka fara shari'a ne, ina aikin wayarin a Daura, iyalina suna Mai'adua, matata kuma da tsohon ciki, ga shi lokacin wayar hannu sai wane da wane.

Wani Alhaji mai kantin yadi ya kira ni in canja masa ƙwan fitila. Irin fitilun nan ne da ake jerawa a jikin dogon ƙarfe a silin, kowacce a juya kanta ta haska inda ake so. Cire ƙwan ba wuya, ka danna shi da manyan yatsu ka murɗa hagu ya fito. Biyu sun fita lafiya lau, na ukun kuwa gilashinsa ya fashe, gindin ya maƙale a ciki.

To ga inda na yi wautar. Kwana biyu ke nan NEPA ba ta kawo wuta ba, sai na ce yo me zan kashe? Ban taɓa makunni ba, ban zare fis ba. Dawowata ke nan daga sallar azahar, riga ta jiƙe da gumi, ƙafa ba takalmi, tsanin ma na ƙarfe, na hau abina na cusa filaya na damƙi gindin ƙwan.

Sai na ji an ce, "Ɗan nan, sauko ka ɗora mini kayan nan."

Na duba ƙasa, wata tsohuwa ce 'yar firit da baƙin zane, ga ƙunshi a gabanta. Na ce, "Iya, ki ɗan jira mana, yanzu zan gama." Ta ce, "A'a, yanzu." Gaskiya raina ya ɓaci, amma sa'ar kakata ce, ya zan yi? Na bar filayar a maƙale na sauko ina ƙunƙuni. Na ɗaga ƙunshin, wallahi kamar ba komai a ciki, na ɗora mata.

Ban ko sauke hannu ba na ji unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta, sai tas! a saman kaina. Tartsatsi ya watsu, filayar ta faɗo kan tsani, bakinta ya yi baƙi ƙirin. Inna lillahi! Tsohuwa ko kallon sama ba ta yi ba, ta ce, "Allah ya yi albarka. Ka gaida mai jego." Ta fice.

Alhaji ya faɗo a guje. Na ce masa ina tsohuwar nan? Ya ce, "Wace tsohuwa? Malam, tun da ka shiga ina kan bencin nan na bakin ƙofa, ko kaza ba ta wuce ni ba." Ƙofar kantin kuwa ɗaya ce tal.

Ban ƙarasa aikin ba, na hau babur sai gida. Tun daga zaure na ji hayaniyar mata. Ashe matata ta sauka, mace, wai ana idar da azahar.

Har yau ban san ko wace ce ba, ban kuma sake ganinta ba. Don Allah 'yan uwa, ko shekara NEPA ta yi ba ta kawo wuta ba, ku zare fis kafin ku hau. Kuma in babba ya ce ku sauko, ku sauko. Yarinyar nan da aka haifa ranar, yanzu ita ke riƙe mini tsani in zan canja ƙwan gida, da ɗanta a goye.