Wankan Jegon Mama Marta

Yau ina dafa wa jikata ruwan jego, sai Mama Marta ta faɗo mini a rai.

Zamanin shugaban ƙasa na farko, na haihu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé, ba uwa ba dangi, ga zazzaɓi. Mama Marta maƙwabciyata ce, Kirista. Wurin matan mahauta ta koyo wankanmu, ta yi mini kwana arba'in.

Wata safiya ta ce, "Yesu ya ce mabiyansa za su yi ayyukan da suka fi nasa."

Na yi dariya. "Mama, kin taɓa ta da matacce?"

Ta danna mini ganye a baya. "Ma fille, 'yata, hannu biyu gare shi, bai taka Yaoundé ba. Mu muna da yawa. Ga shi ya aiko nawa."

Kowa na kan addininsa, amma na tashi.

Ku fa, hannun wa ya tashe ku?