Saƙon Yaya da Na Danne

Ranar Alhamis ce bayan la'asar, ina kicin ina tuƙa tuwo, wayata ta yi ƙara. Yaya ce, babbar yayar mijina. Ita ke zaune da mahaifiyarsu, Hajiya, a Kano, kuma ba ta cika kirana ba sai da dalili. Na maƙale wayar a kafaɗa na ci gaba da tuƙi. Muka gaisa, ta tambayi annobar da ta kulle mu a gida, ta tambayi takwarar Hajiya, wato 'yarmu, sannan ta ce, "Amarya, yana kusa?" Shekara biyar da aurenmu, amma har lokacin Amarya take ce mini.

Na ce yana ɗaki yana koyar da ɗalibai ta kwamfuta.

"To ajiye abin da kike yi."

Na kashe wuta. Ta ce jikin Hajiya ya yi tsanani. Ta daina cin komai sai kunu, shi ma cokali biyu. Asibiti sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Kuma tun jiya sunan autanta, wato mijina, take kira.

"Ban kira shi ba, kin san halinsa," in ji Yaya. "Ke ce a kusa da shi. Ki bari ya ci abinci ya nutsu, sai ki san yadda za ki gaya masa. In da hali ya taho. In babu, ya kira a kara mata wayar a kunne su yafi juna."

Haka ake yi a wurinmu. Ba a jefa wa wanda ke nesa mummunan labari ta waya. Na kusa da shi ake damƙa wa, ya lallaɓa ya isar. Amana ce ta wuni ɗaya, in ta yi tsawo. Na ce, "To Yaya, in sha Allahu yau ɗin nan."

Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba. Da na ajiye wayar, ba Hajiya ce ta fara faɗo mini a rai ba. Litinin ce.

Mijina malami ne a wata jami'a a ƙasar waje, muna zaune a unguwar Taman Melati, a bene hawa na tara. Izinin zamansa a ƙasar rataye yake a wuyan kwantiraginsa, nawa da na yarinya kuma rataye suke a wuyan nasa. Lokaci-lokaci sai an sabunta shi. Amma akwai wani izinin zama mai dogon zango, wanda ba ruwansa da wurin aikinka, kuma matar mai shi tana iya neman aiki a fili. Sharaɗinsa ka yi shekaru kana aiki a jere, ba yankewa. Watanni kaɗan suka rage mana. Ranar Litinin zai kai fasfonsa ofishin jami'a a yi masa sabuntawar ƙarshe, wadda za ta tsallakar da mu. In ya miƙa fasfon, sai an yi makonni kafin ya dawo hannunsa.

In kuwa ya ji labarin nan kafin Litinin, na san mutumina. Fasfon zai ɗauka ya nemi jirgi. Fita a lokacin ana samu da ƙyar, amma dawowa sai wanda Allah ya so. Izininsa zai ƙare yana can, lissafin shekarun ya koma farko. Na gani da idona: wata maƙwabciyarmu mijinta ya tafi gida kwana goma gab da a rufe iyaka, ita kaɗai ta ƙarasa ɗaure kayansu tana kuka, na taya ta raba tukwane. Ni kuma na san abin da ke jirana in mun koma: ɗaki ɗaya a gidan gado, da takardar sakandare.

Da ya fito na zuba masa tuwo. Ya ci, ya nutsu, har ya ce miyar ta yi. Daidai lokacin da Yaya ta ce ke nan. Na buɗe baki na ce, "A ƙara?"

Na ce wa raina kwana huɗu ne kawai. Hajiya ta sha kwanciya tana tashi. Amma washegari Juma'a, ranar da ya saba kiran gida ta wayar Yaya. Don haka da safe na shiga banɗaki na aika mata saƙon murya. Na ce na gaya masa, hankalinsa ya tashi ƙwarai, fasfonsa yana hannun hukuma, yana ta fafutuka. Na ce don Allah in ya kira kada ta tayar masa da maganar, ko abinci ba ya iya ci. Ban yi in'ina ba ko sau ɗaya. Wannan shi ya fi ba ni tsoro yanzu.

Da yamma ya kira, ya sa wayar a sifika kamar kullum.

"Yaya, ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi. Barci take."

"To kada a tashe ta. Ki ce mata autanta ya rame, ya gaji da shinkafar mutanen nan. In an buɗe hanya ta aiko da kilishi, ko ta daina sona ne?"

Ya yi dariya. Yaya ba ta yi ba. Ta dai ce, "Zan gaya mata." Ni ina gefe ina taje wa yarinya kai, har ta ce ina ja mata gashi.

Ranar Litinin ya sa takunkumi ya kai fasfon. Ya dawo da tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, daga shagon mamak, masu shayin ƙasar, gurasar roti da shayi a leda, yana kwaikwayon maganar mutanen nan yana cewa, "Uwargida, mun kusa zama 'yan ƙasa, lah." Na karɓi ledar. To ga shi an miƙa, tafiya ba ta yiwuwa, babu sauran abin da zan kare. Kiran da za a kara wa Hajiya a kunne bai buƙatar fasfo. Amma na san tambayar farko da zai yi: yaushe Yaya ta kira? Na ce sai gobe. Gobe ta zo yana duba jarrabawa. Jibi yarinya ta tashi da zazzaɓi, muka tsorata ko cutar ce, na ji wani irin sanyi a raina don na sami hujja. Uwa ce fa, tana murna da zazzaɓin 'yarta. Juma'a ta sake zagayowa, Yaya ta sake cewa da sauƙi, a taƙaice, ta kashe.

Kwana goma sha ɗaya na riƙe saƙon. Litinin ta biyu, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abokansa ne biyu 'yan Kano, a lokacin da ba mai zuwa gidan kowa. Suka tsaya a bakin ƙofa da takunkumi, suka ƙi shigowa, suka ƙi kallonsa. Babban cikinsu ya ce, "Malam, sai haƙuri." Mijina ya dafa bango ya zame ya zauna a ƙasa. Hajiya ta rasu bayan asuba a can, har an fara shirin kai ta.

Bayan sun tafi ya kira Yaya. Ya sa wayar a sifika ya ajiye ta a kan tabarma.

"Yaya, haka kawai? Ba wanda zai ce mini jikin ya kai haka?"

"Kamar ya ba wanda zai ce maka? Yau kwana nawa da na kira Amarya? Mun san fasfo ya riƙe ka, ba mu ce komai ba. Amma waya fa? Kwana goma baiwar Allah tana kiran sunanka, kai kana zancen kilishi."

Ya ɗago ya kalle ni. Ina tsaye a ƙofar kicin. Na jira ya ce ƙarya ne, ba a gaya masa ba. Na ma matsu ya faɗa a wuce wurin.

Sai ya ce, "Haka ne, Yaya. Na kasa ne. Ku yafe mini."

"Ba ni za ka nema ba," in ji ta, ta kashe.

Kwana uku bai ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Ni ba na iya zama da shiru. A rana ta huɗu na same shi a baranda na ce, "Ka zage ni mana. Ko ka sake ni. Ka dai yi wani abu."

"Alhamis ta kira?"

"E."

"Kafin in kai fasfo."

"E. Na san za ka tafi."

Ya kalli titi ya ce, "Wataƙila da na tafi. Wataƙila da ban tafi ba, ni ma ina son takardar nan. Amma da na ji muryarta. Da na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe. Minti biyu ne."

Na ce zan kira Yaya yanzu in gaya mata komai. Har na ɗauko wayar. Ya karɓe ta daga hannuna ya ajiye.

"Ni ɗan gidan ne. Duk fushin da za su yi, ba za su cire ni ba. Ke in kika faɗa, ba za ki ƙara shiga gidan nan a ɗaga kai a kalle ki ba, ga takwarar Hajiya a hannunki. Ban yarda ki faɗa ba."

"To ni in yi yaya da shi?"

"Ki riƙe. Ai kin iya."

Ita ce kaɗai baƙar maganar da ya taɓa gaya mini a kan wannan, kuma na cancanci fiye da ita.

Izinin ya fito bayan wasu watanni. Ina aiki yanzu a wani kantin sayar da abaya a Bukit Bintang, ba mai tambayata takarda. Zamanmu lafiya lau, in an tambaya. A gidansu kuwa sunansa wanda ya zaɓi takarda ya bar uwarsa. Ba sa faɗa a gabansa, amma ba a ƙara neman shawararsa a komai ba, ko auren ɗiyar Yaya sai da aka sa rana ya ji. In ya kira ta, gaisuwa ce a tsaitsaye.

Ni kuwa Yaya ta ja ni a jiki. Duk wanda zai taho sai ta ba shi yaji da daddawa ya kawo mini. Watan jiya muna hira, maganar Hajiya ta taso, ta ce, "Ke dai Amarya kin sauke nauyin da aka ɗora miki, Allah ya yi miki albarka."

Yana zaune a gefena, yana ji. Na ce amin.